Wa Ke Riƙe da Almakashi? Sharhi kan Koyon Ɗinki daga Badagishiri zuwa Yamai

Duk matafiyin da ya rabu da babban titin Yamai zuwa Damagaram a Tsarnawa, ya kama hanyar Tawa, idan tafiyarsa ta faɗo ranar Alhamis ba zai wuce Badagishiri da sauri ba. Kasuwa ce ke tare shi. Yawancin baƙi dabbobi suke zuwa kallo, domin da su aka san kasuwar a duk faɗin Adar. Amma wanda ya ratsa ta layin masu tufafi zai ga abin da ya fi raƙuma da shanu ba da labarin ƙasar. Ga shadda tana ƙyalli cikin leda, mai tsadar daga Ostiriya, mai arahar daga Sin. Ga atamfa an jera ta turmi-turmi. Ga kuma tulin gwanjo an zube bisa tabarma, riguna da wanduna waɗanda wasu suka gama yayinsu a Turai ko Amurka. Bayan waɗannan duka akwai rumfunan teloli, inda ƙarar keke ba ta yankewa. A bakin kowace rumfa kuwa akwai yaro, yana fifita gawayi cikin dutsen guga.

Wannan yaro shi ne ɗalibin makarantar zayyana tufafi ta Adar, ko da yake ba wanda ya taɓa kiran sa da wannan suna. Idan ana zancen irin wannan makaranta, hankali yakan tafi ga manyan birane, ga ɗalibai masu yawo da littafin zane a hammata, da bikin nuna kaya na ƙarshen shekara. A tsakanin Birnin Ƙonni da Malbaza da Illela kuwa, masu koyon sana'ar allura sun fi ƙarfin ƙirga, sai dai ba su da harabar makaranta ɗaya da ta tara su. Wasu suna rumfa, wasu suna cibiyoyin gwamnati, dukansu kuma suna cikin wayar salula. Abin da ya kamata a bincika shi ne me ake koya musu a kowane wuri, me kuma ake ɓoye musu.

A fara da rumfa, tun da ita ce uwa. Uba yakan kai ɗansa wurin tela ba tare da takarda ko kuɗin makaranta ba, abin da ke tsakaninsu amana ce da goro. Watannin farko yaro ba ya taɓa keke. Shara ce tasa, da ɗebo ruwa, da dafa shayi, da aike. Daga nan a ba shi sa maɓalli da kalmasa da guga. In an ga hannunsa ya faɗa, a bar shi ya hau keke ba zare, yana bin layi bisa takardar buhun siminti, wadda ba ta wuyar samu a ƙasar da Malbaza take. Babbar jarrabawarsa kuwa goman ƙarshe na azumi ce, lokacin da ake kwana ɗinkin Salla da fitila, mai kaya yana tsaye yana rantsuwa, maigida ya ɓuya a bayan gida. Wanda ya ƙetare azumi uku ko huɗu a rumfa ya san abin da allo ba ya koyarwa: yadda yadi ke ja bayan wanki, yadda ake karanta fuskar mace idan ta ce ɗinki ya yi alhali bai yi mata ba, yadda ake bin bashi ba a ɓata zumunci ba.

Ba ƙaramin ilimi ba ne wannan, kuma masu raina shi yawanci ba su taɓa ɗinka ko da jakar filo ba. Amma rumfa tana da aibi guda wanda kowa ya sani, ba a dai cika faɗin sa ba. Maigida yana sakin komai, ban da almakashi. Yanka shi ne asirin sana'a, kuma tela da yawa sun fi so su yi shi da sassafe kafin yara su zo, ko su aiki yaro sayen zare daidai lokacin da za a shimfiɗa yadi. Dalilin ba boyayye ba ne: ranar da yaro ya iya yanka, ranar ce ya zama kishiya, zai kafa tasa rumfar a layi ɗaya. Saboda haka sai a sami saurayi ya yi shekara biyar yana haɗa abin da wani ya yanka, ya gwanance da tafiyar allura, amma bai taɓa tsayawa gaban yadi ya yi tunanin siffar da zai fitar ba. Da yawa ba sa jira. Adar ƙasar ci-rani ce tun kaka da kakanni, motar Abijan ko ta Legas kuma ba ta tambayar mutum ko an yaye shi.

Makaranta ta biyu ta gwamnati ce, wato cibiyoyin koyon sana'a da ake kira CFM, waɗanda aka baza a ƙananan hukumomin ƙasar. Sashen da ɗinki yake ciki ana ce masa économie familiale, tattalin gida ke nan, kuma kusan duk ɗalibansa mata ne, galibi waɗanda karatun boko ya tsaya musu a ƙarshen firamare ko farkon kwaleji. Dole a yaba wa waɗannan cibiyoyi kan abu biyu. Sun ba ƴar talaka wurin zuwa da safe wanda iyaye suka yarda da shi, a shekarun da zancen aure ya fi ƙarfi a kanta. Sun kuma miƙa mata almakashi tun da wuri, abin da rumfa ke hana ɗan'uwanta. Tana koyon awo da santimita, tana zana abin da Faransawa ke kira patron, wato takardar da ake ɗorawa bisa yadi a yanka, tana ɗinka ƴan riguna kamar na ƴar tsana tana mannawa cikin littafi.

Sai dai sunan sashen da kansa ya tona ra'ayin da ke ƙarƙashinsa. Ba a ɗauki yarinyar a matsayin mai ƙirƙira ba, an ɗauke ta matar gida ce ta gobe wadda za ta rage wa miji kuɗin tela. Ɗinki yana zaune ne tare da saƙar hular jarirai da girki da tsabtar gida. Wannan gadon tsofaffin gidajen koyar da mata ne na zamanin Turawa da farkon mulkin kai, an sake masa fenti kawai. Ga kuma matsalar harshe. Yarinyar da Faransanci ya kayar a aji shida, ita ce ake tsayarwa gaban allo ta kwafi sunayen sassan riga da Faransanci, ta haddace su don jarrabawa, ta fita ta manta. Ta san wuya da hammata da ƙugu tun tana goye, amma a littafinta sun zama baƙin kalmomi. Rigar da ake koya mata yankawa ma ta wata ƙasa ce: siket da ƴar shara masu bin jiki, waɗanda ba za ta sa su ta ratsa kasuwar Badagishiri ba sai ta lulluɓe su da hijabi har ƙasa.

Malami na uku ba ya karɓar goro, ba ya kuma ba da takardar shaida. A da, tela yakan manna hotunan samfuri a bango, manyan takardu da ake bugowa daga Legas ko Abijan, mace ta nuna da yatsa. Yau waya ta gaje su. Amarya takan zo da hoton da ta samo a WhatsApp ko TikTok, ko ta tsayar da fim ɗin Kano daidai inda jaruma ta juya baya, ta ce wannan take so, kuma ƙawayenta goma sha biyu za su yi anko da shi. A nan ne ɗalibai suke nuna basirar da ba a ba ta maki: daga hoto ɗaya, wanda bai nuna bayan riga ba, su ƙiyasta yadda aka haɗa ta. Su kansu a jikinsu ake ganin wannan gauraye. Saurayin rumfa yana aiki cikin rigar ƙwallo ta gwanjo, ranar Juma'a ya fito da kaftani wanda ya ɗinka wa kansa da guntayen shadda, ya matse hannun fiye da yadda maigidansa zai yarda. Ƴan matan cibiya kuma gasar da ke tsakaninsu tana bakin hannu da gefen hijabi, wuraren da ido ke iya kaiwa. Akwai gwaninta a ciki. Amma gwanintar kwaikwayo ce, kuma mai kwaikwayo kullum yana bayan wani da yayi ɗaya.

Abin mamaki shi ne duk makarantun nan uku sun haɗu a kan mantuwa ɗaya. Ba wadda ta ɗauki babbar riga ta shimfiɗa ta ƙasa ta ce wa ɗalibi ya karanta. Rigar nan kuwa darasi ce cikakkiya. Masaƙin gargajiya ba ya fitar da yadi mai faɗi, ƙwarya yake saƙawa, siririya mai tsawo, a haɗa ta gefe da gefe har a sami faɗin da ake so, har ma akan auna darajar riga da yawan ƙwaryarta. Tun da kowace ƙwarya guminsa ce, maɗinki ba ya yarda ya zubar da ko tafin hannu. Saboda haka aka gina rigar bisa miƙaƙƙun layuka, ba a yanke ta don ta bi jiki ba, an bar ta ta zauna bisa kafaɗa iska ta ratsa, mai ita ya naɗe hannuwan ko ya sake su gwargwadon zafi da gwargwadon wanda yake gabansa. Yankan Turai yana farawa daga jiki ya tilasta wa yadi. Na Hausa yana farawa daga yadi ya ba jiki wuri. Hanyoyi biyu ne na tunani, kowace da lissafinta, amma ɗaya ake kira ilimi, ɗayar kuma a ce da ita gargajiya, a ajiye ta sai ranar hawan Salla.

Haka kuma aikin da ke ƙirjinta. Aska biyu, aska takwas, tambari, gidan biyar, dagi: kowane zane da sunansa da wurin zamansa, daga bakin aljihu ya haura kafaɗar hagu ya zagaya baya. Wanda ke zana shi bisa yadi da tawada sau da yawa ba shi ne mai ɗinkawa ba. Malami ne, wanda hannunsa ya saba da alƙalami da zayyanar allo, shi zai fitar da siffa, masu allura su bi ta wata da watanni. Ma'ana, rabuwar aiki tsakanin mai zayyana da mai ɗinki, wadda ake zato daga Paris ta zo, tana nan a ƙasar Hausa tun kafin keken Singer ya ƙetaro teku. Kuma ba sana'ar ƙauye ba ce. Lokacin da Bajamushe Heinrich Barth ya sauka Kano a 1851, ya ƙiyasta tufafin da birnin ke fitarwa a shekara da wuri miliyan 300, ya kuma ga ana kai su har Tumbutu da Gat da Tarabulus. Baƙin rawanin da Buzaye ke taƙama da shi, wanda ya bi ta Adar zuwa Azbin shekara da shekaru, a Kura ta ƙasar Kano ake rina shi a buge shi. Baturen Ingila David Heathcote, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya yi shekaru yana tattara sunayen waɗannan zane-zane a cikin shekarun 1970. Aikinsa yana ɗakunan karatu da Turanci. Jikokin mutanen da ya yi hira da su kuwa suna danna lamba a injin surfani ya fitar musu da fure.

A nan ne ya wajaba a zo kan Alphadi, domin ba a zancen ado a Nijar a tsallake shi. Seidnaly Sidhamed, wanda aka haifa a Tumbutu a 1957, ya fara da karatun yawon buɗe ido kafin ya koyi zayyana a makarantar Chardon Savard ta Paris. A watan Nuwamba na 1998, shekara uku bayan yarjejeniyar zaman lafiya ta 1995 da ƴan tawayen arewa, ya kafa dandali a hamadar Tigidit kusa da Agadas, ya tara masu zayyana na Afirka da manyan gidajen Paris. Wannan shi ne FIMA na farko. Ba wanda zai ƙwace masa wannan. Ya sa duniya ta ga azurfar Agadas da fatar Abzinawa da saƙar tera-tera a matsayin kayan ado na zamani, ya buɗe gasa ga matasa masu tasowa, ya kuma daɗe yana kiran a gina babbar makarantar ado da fasaha a Yamai. Hukumar UNESCO ta naɗa shi mai fasahar zaman lafiya a 2016, kuma da gidan tarihi na Victoria da Albert na Landan ya shirya baje kolin adon Afirka a 2022, yana cikin ƴan ƙalilan da aka gabatar a matsayin magabata.

Amma yabon gwani ba ya hana a duba inda ya tsaya. Idon FIMA tun farko waje yake kallo. Hamada ta zama labule mai kyau a bayan masu tafiyar rangwaɗa, kayan gargajiya kuma suka zama ƙawa da ake liƙawa bisa rigar da aka yanka da tunanin Paris. An ɗauki zanen, an bar lissafin. Maƙeri da masaƙi da dukawa sun sami ciniki, gaskiya ne, amma hannuwa ne, sunan da ke wuyan riga na wani ne. Tsarin rumfar Badagishiri ke nan aka faɗaɗa shi ya cika duniya: almakashi yana hannun mutum ɗaya. Bikin ma da kansa ya yi ta ƙaura, har ya kai Dakhla a 2018 da Rabat a 2022, nesa da yaron da ke fifita gawayi fiye da yadda Yamai take, ita da ke kusan kilomita 500 daga gare shi.

Sai kuma abin da ya faru a Nuwamba ta 2000, da aka kawo bikin karo na biyu kusa da Yamai. Ƙungiyoyin addini suka fito zanga-zanga a babban birnin da Maraɗi, aka yi ƙone-ƙone, gwamnatin Tandja Mamadu ta rusa wasu daga cikin ƙungiyoyin. An yi rubuce-rubuce da yawa a kan wannan rikici, kusan dukansu a kan addini da siyasa. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne ɓangarorin biyu sun yarda da juna a kan abu ɗaya: cewa ado yana nufin jikin mace, a buɗe shi ko a rufe. Ba wanda ya yi gardama a kan yadi, ko rini, ko wanda zai ci ribar ɗinkin. Tun daga lokacin kalmar mode ta ɗauki wani wari a kunnen iyaye da yawa na karkara. Uban da zai yi murna ƴarsa ta koyi ɗinki, shi ne zai ɗaure fuska in an ce za ta karanci mode, alhali allurar ɗaya ce. Hasarar ta faɗa kan yarinya mai basira, wadda aka yarda ta kwafa amma ba a yarda ta yi suna ba. Ga shi kuwa sutura mai rufe jiki, wadda ita ta fi kowa sanin sirrinta, ta zama babbar kasuwa daga Istambul har Jakarta.

Masu cewa sai an bi ta Paris ake zama gwani, tarihin maƙwabta bai goyi bayansu ba. Chris Seydou na Mali, wanda ya shigar da bogolan cikin adon duniya kafin rasuwarsa a 1994, a shagon tela ya fara a garin Kati. Pathé Ouédraogo, da aka fi sani da Pathé'O, ɗan ci-rani ne daga Burkina Faso wanda ya sauka Kodebuwa a ƙarshen shekarun 1960, kamar dubban Adarawa, ya yi zaman yaron tela a Treichville ta Abijan. A 1987 ya ci gasar da ake kira Almakashin Zinariya, daga baya Nelson Mandela ya sa rigunansa. Misalin da ya fi kusa da matsalar makaranta kuwa daga Japan yake. Makarantar Bunka ta Tokiyo ta fara ne a matsayin ƙaramin wurin koya wa mata ɗinkin Turawa, kusan irin sashen tattalin gida. Kenzo Takada yana cikin mazan farko da ta ɗauka, a 1958. Da ya buɗe shagonsa a Paris a 1970, abin da ya bambanta shi da sauran shi ne ya koma ga miƙaƙƙen yankan kimono, rigar da ita ma daga siririn yadi ake haɗa ta ba tare da asara ba. Ya koyi patron sarai, sannan ya tuna da rigar kakarsa. Ɗalibin Adar an hana shi rabin farko a rumfa, an hana ƴar'uwarsa rabi na biyu a aji.

Kada a ɗora wa malamai laifin da ya fi ƙarfinsu. Mai zayyana yana bukatar yadi, yadin kuma ba na gida ba ne. Masaƙar Yamai da aka sani da SONITEXTIL, daga baya ENITEX, ta daɗe da daina cika kasuwa. Ta Kaduna, wadda aka buɗe a 1957, ta rufe a 2002. Faɗuwar darajar sefa da rabi a Janairun 1994 ta tura talaka ga gwanjo, bai kuma dawo ba. Telan Ƙonni da na Badagishiri zare da allura da kayan gyaran keke daga Sakkwato da Kano suke samo su, ta ɗaya Illelar, ta Najeriya. Da aka rufe iyaka a 2019, da kuma bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 lokacin da Najeriya ta yanke wutar lantarki, masu injin surfani sun zauna suna kallon injinsu, tsohon keken ƙafa ne ya ci gaba da ciyar da gida. Tsohon da ke aikin hannu a zaure bai ma san an ɗauke wuta ba.

A watan Maris na 2025 sabuwar dokar ƙasa ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki. Ko wannan zai taɓa ajin ɗinki, ba a bakin masu jawabi za a gane ba, a littafin ɗaliba za a gani. Fassara sunayen sassan siket zuwa Hausa aiki ne na mako ɗaya, kuma ba zai canza komai ba in rigar da ke kan allo ba ta canza ba. Kalmomin da ake bukata suna nan da ransu, ƙwarya da zugu da linzami da shafi da kamun ƙafa, kowace tana ɗauke da hanyar yin abu, ba suna kawai ba. Masu riƙe da su tsofaffi ne, a Illela ta Sarkin Adar da Ƙonni da Tawa, idanunsu sun fara gajiya da zaren tsamiya, kuma ba su da takardar shaidar da za ta ba su izinin tsayawa gaban aji. Tsakanin zauren irin wannan tsoho da cibiyar koyon sana'a mafi kusa da shi, sau da yawa tafiyar ƙafa ce wadda ba ta kai ta zuwa kasuwar dabbobi ba.